Facin da Bai Kwana a Jikin Tsohuwa Ba

Sufeto yana durƙushe yana laluben murfin bironsa a ƙarƙashin tebur, Saje ta leƙo ta ce an kawo rahoton sata.

"Me aka sace?"

"Makulli, yallaɓai."

"Na gida ko na mota?"

"Na wata ma'aikaciya da ta rasu. Kuma wai tun da aka binne ta ba ta fasa aiki ba."

Sufeto ya ɗago, kansa ya bugi gefen tebur. Ya ɗauki hularsa. Shi dai tun da matarsa ta rasu bai ƙi aikin da zai hana shi komawa gida da wuri ba. A gidan babu mai jiransa sai silifas ɗinta a bakin ƙofar ɗaki. Kullum idan zai yi shara yakan ɗaga su, ya share wurin, ya mayar da su yadda ta bar su. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don ya san abin da za a ce.

Kamfanin yana saman wani shagon sayar da fenti. Ɗaki ne dogo mai tebura a jere, da wayoyi kamar an zubar da taliya a ƙasa. Manaja ya tare su a bakin ƙofa. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, shi kuwa gumi yake ta sharcewa.

"Mu ne muke kula da na'urorin da ke riƙe sanyi a ɗakunan ajiya," in ji Manaja. "Na asibitoci, na masu magani. Shekaranjiya na'urar ma'ajiyar jini ta wani asibiti ta sandare. Kafin a farga jinin ya lalace. Akwai matar da aka shiga da ita tiyata ana jiran jinin, har yanzu tana kwance."

"Ina makulli ya shigo ciki?"

"Gyaran da ya sandarar da na'urar, da makullin Tela aka sa masa hannu."

"Tela kuma? Ɗinki kuke yi a nan?"

Manaja ya ƙwalla wa wani kira. Wani dogon mutum ya taso daga teburin ƙarshe, yana tafe yana sunkuyar da kai kamar rufin zai taɓa shi. Shi ne babban injiniyan wurin, kowa Dogo yake ce masa.

"Yi masa bayani," in ji Manaja.

"Yi mini irin wanda za ka yi wa kakarka," in ji Sufeto. "Ni da kwamfuta gaisuwa ce kawai."

Dogo ya ɗan yi murmushi.

"Yallaɓai, kowace na'ura tana da zuciya, manhajar da ke juya komai a cikinta. Kanel muke ce mata. Masu yin ta kullum gaba suke yi, suna fitar da sabuwa. Idan aka gano wata ɓaraka da ɓarawo zai iya bi ya shiga, sai su yi mata faci, amma a jikin sabuwar. Mu kuwa na'urorinmu tsohuwar zuciya gare su, ba za su ɗauki sabuwa ba. To facin da aka yanka wa sabuwar riga ba ya zama daidai a tsohuwa. Sai an sake auna shi, an rage nan, an ƙara can. Aikinta ke nan, shi ya sa muke ce mata Tela. Allah ya jiƙanta."

"Amin. Makullin fa?"

"Ɗan ƙarfe ne kamar yatsa, ana soka shi a kwamfuta. Na'urorinmu ba sa karɓar faci sai da sa hannunsa. Duk wanda yake riƙe da shi, a wurinsu shi ne Tela."

Sufeto ya juya wajen Manaja.

"Yaushe ka ga babu shi?"

"Yau da safe. A durowata yake tun bayan rasuwar."

"Kuma faci yana ta fita da sunanta duk watannin nan?"

"Ai ni na ɗauka ta tsara su ne tun kafin ciwo ya kwantar da ita, suna fita da kansu. Mace ce mai tsari. Ina ganin ma wannan na ƙarshen nata ne, ciwo ya sa hankalinta ya rabu biyu. Haka zan rubuta wa asibitin."

Dogo ya dubi Manaja, ya kawar da kai.

"Dogo," in ji Sufeto, "ɓarakar da facin ƙarshe ya toshe, yaushe aka gano ta?"

"Makon jiya."

"Wato marigayiya ta yanka faci tun ba a san rigar ta yage ba."

Manaja ya fara kame-kame. Saje ta buɗe durowar tasa, ta ce ya nuna inda makullin yake zama. Ya nuna wani lungu. Wani tsohon kwalin magani ne a wurin, har ya manne da katako don daɗewa.

Da kyar Manaja ya amsa cewa ya daɗe da sanin babu makullin. Kamfanin ya riga ya yanke shawarar daina kula da tsohuwar zuciyar, don babu mai iya aikin Tela. Sai ga faci yana zuwa da kansa, mai kyau, a kan lokaci, asibitoci suna ta godiya. Shi kuma ya ja bakinsa ya tsuke. Ko sanarwar rasuwarta bai aika musu ba.

Sufeto ya daɗe yana aikin nan, ya san irin su Manaja. Ba sa sata, amma idan ɓarawo ya share musu tsakar gida ba za su tambayi ta ina ya shigo ba.

"Kada ka rubuta wa asibitin komai sai na ce," in ji shi. "Dogo, nuna mini inda take zama."

Teburin Tela yana jikin taga. An kwashe komai, sai wata shuka a gwangwani da wani ya ci gaba da ba ta ruwa. A ƙarƙashin teburin akwai wata tsohuwar na'ura mai launin toka, an lulluɓe ta da tawul.

"Wannan fa?"

"Tsohuwa ke nan. Irin ta asibitocin ce sak. Tela ba ta taɓa sakin faci ba sai ya kwana a jikinta yana aiki. Ko Manaja zai yi tsalle ya dire, sai ta ce Tsohuwa ba ta amsa ba tukuna."

"Ka duba facin ƙarshen?"

"Na duba." Dogo ya ja numfashi. "Akwai wani wuri da zuciyar take kulle ƙofa don kada ayyuka biyu su shiga lokaci guda. A sabuwar, idan aiki ya gama, ƙofar da kanta take buɗewa. A tsohuwar sai ka rubuta da hannunka cewa a buɗe. Wanda ya yi facin ya kulle, bai buɗe ba. Na'urar ta tsaya tana jiran ƙofar da babu mai buɗe ta."

"Tela za ta yi wannan kuskuren?"

"Ko a magagin barci ba za ta yi ba. Wannan mantuwar mutanen sabuwa ce. Hannunmu ya saba a buɗe mana."

"Ka ce hannunmu."

"Ni ma a sabuwar nake aiki, yallaɓai. Ba na musu."

"Da ya kwana a jikin Tsohuwa, da an gane?"

"Kafin gari ya waye da ta sandare."

"Su na baya fa, babu mai matsala?"

"Ko ɗaya."

"To an gwada su ke nan. A ina?"

Dogo ya ce shi bai sani ba. Wannan dai tun rasuwar ba wanda ya taɓa ta.

Sufeto ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ɗage tawul ɗin. Ƙura ta kwanta a saman na'urar, amma gefenta akwai shatin yatsu, kuma kan kowane noti yana ƙyalli inda ƙarfe ya karce shi kwanan nan. Ya tura murfin da ɗan yatsa, ya zame. A ciki akwai wani gurbi fayau, wayoyi suna reto.

"Me ke zama a nan?"

Dogo ya mayar da idonsa kan taga.

"Dogo, tsawonka ba zai hana ka shiga bayan motarmu ba. Naɗe ka za mu yi."

"Akwatin wutarta ne," in ji Dogo a hankali. "Jiya na cire."

"Ka kai wa wa?"

"Malam. Mijinta. Ya ce yana son wani abu nata na tunawa."

"Mutum ya bar shukar da ta dasa, ya nemi akwatin wuta don tunawa? Kuma kwana ɗaya bayan jini ya lalace?"

Idon Dogo ya kawo ruwa.

"Shi ya koya mini aiki, yallaɓai. A nan yake, ɓangaren sabuwa, teburinsa yana kallon nata. Da ta kwanta ya ajiye aikin ya koma jinya. Da ya tambaye ni, ban ce masa don me ba. Ban so in sani ba."

"Wa ya zo kwashe kayanta bayan rasuwar?"

"Shi. A ofishin Manaja aka tara masa su."

A mota Saje ta ce wannan ai a fili yake, su je su ɗauko shi kawai. Sufeto ya ce ta tuƙa a hankali. Bai san dalili ba, amma ba ya ɗokin isa.

Gidan ƙarami ne, a ƙarshen wani layi. Malam da kansa ya buɗe. Siriri ne, rigarsa ta yi masa yawa, da gani ba haka ta same shi ba. Ya ga kaki bai razana ba. Ya ba su wuri a falo, ya kawo ruwa.

"Malam, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Ka ji abin da ya faru a asibiti?"

"Na ji ana faɗa."

"Kana taɓa aikin har yanzu?"

"Tun da ta rasu ban kunna kwamfuta ba. Idona ma ba ya so."

"Makullinta fa?"

"Kayan kamfani ne. Su za a tambaya."

"Akwatin wutar da Dogo ya kawo maka?"

"Yana nan a ajiye. Tsufa ne, Sufeto, mutum sai ya riƙa tara tarkace."

Sufeto ya kurɓi ruwa. Gidan shiru, irin shirun da ya sani sarai, wanda agogon bango ke zama babban mai magana. Amma a ƙarƙashin shirun akwai wani ɗan gurnani, daga bayan wata ƙofa da aka tura ba a rufe ba.

"Firji ne a ɗakin can?"

"Fanka ce."

"Zan iya gani?"

Malam ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tashi ya tura ƙofar.

Tebur ɗaya ne dogo, da kujeru biyu. A ƙasa ga wata na'ura mai launin toka, 'yar'uwar Tsohuwa, cikinta a buɗe, an ɗaura mata akwatin wuta da waya, fankarta tana juyi. A gefe ga wani akwatin wutar ya yi baƙi, ɗakin bai gama rabuwa da ƙaurinsa ba.

Saje ta dubi na'urar. Sufeto kuwa ƙasan kujera ta biyu ya duba. Silifas ne na mace, a jere, bakinsu yana kallon tebur kamar mai su ta zare ƙafa ta naɗe a kan kujera. An share ƙarƙashinsu tas.

Ya cire hularsa ya riƙe.

"Wannan ta gida ce," in ji Malam. "Tana gwaji a kanta idan ba ta je ofis ba. Kunna ta kawai nake yi, don ƙarar. Na saba barci da ita."

"Shi ke nan," in ji Sufeto. "Ba ni da makulli a hannu, ban kuma ga wanda ya soka shi ba. Manaja ya ce facin nata ne, ta tsara shi kafin ta rasu, ciwo ya sa ta yi kuskure. Haka zai rubuta wa asibitin, haka za a karanta a kotu. Matacce ba ya zuwa kare kansa, sai a rufe magana."

Saje ta buɗe baki, Sufeto ya ɗaga mata hannu.

"Kuskure," in ji Malam. "Ita?"

"Haka za a rubuta. Ta kulle ƙofa ta manta ba ta buɗe ba."

"Ƙarya ne!"

Muryar ta fi ƙarfin jikin da ta fito daga ciki. Malam ya dafa tebur.

"Matar da tana kan gadon asibiti, hannunta duk allura, take ce mini in karanto mata faci ta ji? Ta tsayar da ni a tsakiya ta ce, maigida, ka manta ƙofa, ku mutanen sabuwa an sangarta ku. Tana dariya. Ita za a ce ta manta?"

Ya zauna a kujerarsa, ba ta biyun ba. Ya sa hannu a wuyan rigarsa ya jawo wani zare. Ɗan ƙarfen yana rataye a jiki.

"Ni ne. Ranar da na je kwasar kayanta na gan shi a durowar Manaja, na ɗauka. Ba da niyyar komai ba, wallahi. Hannunta ya goge shi har ya yi santsi, shi ke nan. Sai aka gano wata ɓaraka, na ji kamfani ba zai yi faci ba. Na ce bari in yi guda ɗaya. Da na sake shi, sai na ga sunanta ya fito a jiki, da kwanan watan ranar." Ya ɗago kai. "Sufeto, ka san yadda mutum yake ji ya ga sunan matarsa da kwanan watan yau?"

Sufeto ya sani.

"Har saƙo suke turo mata," in ji Malam. "Wani ma'aikacin asibiti ya rubuto, sannu da aiki Tela, Allah ya bar mana ke. Na karanta mata a nan, da ƙarfi."

"Ka san dokarta," in ji Sufeto. "Me ya sa na ƙarshen bai kwana ba?"

"Na gama shi, na zo ɗorawa, akwatin wutar ya kama hayaƙi. Na zaga kasuwa, an daina yin irinsa. Ɓarakar kuwa muguwa ce, an fara bi ta cikinta a wasu wurare. Ita ba ta taɓa barin irin wannan ta wuce mako ba. Na ce idan aka ji shiru za a tambaya, idan aka tambaya za a faɗa musu. Sai ta sake mutuwa, wannan karon a wurin kowa." Ya share fuska da tafin hannu. "Na karanta shi sau ba adadi, na ga daidai ne. Idona na sabuwa ne. Don kada a ce ta makara, na karya abu ɗaya da ba ta taɓa karyawa ba."

Fanka tana ta juyi. Saje ta sunkuyar da kai.

"Matar nan ta asibiti," in ji Malam, "tana da rai?"

"Tana da rai. Likitoci ba su ce komai ba tukuna."

"Tana da miji?"

"Yana zaune a bakin ƙofar ɗakin tun shekaranjiya."

Malam ya rufe ido.

"Akwai sauran na'urori da suka karɓi facin," in ji shi. "Kowacce tana iya sandarewa. Na gyara, layi ɗaya ne. Tun jiya yake jikin wannan, ya kwana, ta amsa. Ku bar ni in sake shi kafin mu tafi."

"Da sunan wa?"

Malam ya dubi makullin a tafinsa.

"Na'urorin ita kaɗai suka sani."

Sufeto ya kira Dogo a waya, ya sa kowa ya ji. Dogo ya ce akwai hanya. Makullin Tela zai iya yin aiki na ƙarshe: ya gaya wa na'urorin su karɓi sabon makullin kamfani, sannan ya soke kansa. Daga nan ba zai ƙara buɗe komai ba har abada. Gyaran kuma Malam ya turo masa ya duba, ya fita da sunan wanda ya rubuta shi, da bayanin kuskuren da aka yi da wanda ya yi.

"Malam," in ji Dogo, "sai an rubuta cewa ta rasu."

"Na sani, ɗana. Ni zan rubuta."

Malam ya jawo allon rubutun kwamfuta. Yatsunsa sun san hanya, ba su yi gardama ba sai da ya zo kan sunanta. Nan ya tsaya. Sufeto bai ce ya yi sauri ba. Malam ya rubuta cewa Tela ta rasu tun watannin baya, facinta na gaskiya bai taɓa sandarar da na'ura ba, wanda ya yi hakan mijinta ne, da makullin da ya ɗauka ba da izini ba. Ya sa sunansa a ƙasa. Ya soka makullin, ɗan haskensa ya kama, ya danna.

Hasken ya ɗauke.

Ya zare shi ya miƙa wa Saje da zaren gaba ɗaya. Ta sa a leda ta manne. Ta ciro ankwa, Sufeto ya girgiza kai, ta mayar.

Malam ya sunkuya ya kashe na'urar. Fankar ta yi ta rage gudu har ta tsaya, ɗakin ya yi shirun da bai yi ba tun rasuwar. Da zai miƙe gwiwarsa ta taɓa silifas ɗin, ɗaya ya karkace. Ya durƙusa ya daidaita shi da ɗan'uwansa, ya ja baya ya duba, ya ƙara matsar da shi kaɗan.

"Wa zai riƙa share wurin?" ya tambaya, ba tare da ya dubi kowa ba.

"Ba ni makullin gidan," in ji Sufeto. "Na iya."

Malam ya dube shi, ya dubi hular da har yanzu take hannun Sufeto. Ya miƙa masa makullin gidan, ya wuce gaba, suka bi shi zuwa mota.